Yadda Shayi Ya Tashi Daga Abin Shan Sarakuna Ya Zama Na Kowa

In ka zauna a bencin mai shayi da safe, a Kano ko Kaduna ko Jos, ka ce a haɗa maka mai kauri, tsaya ka lura da abin da zai shiga kofin. Madara, Milo ko Bournvita, sukari cokali biyu ko uku, sai ruwan zafi daga tukunyar da ta sha citta da kanumfari. Shi kuwa ganyen shayin, wanda sana'ar ta ci sunansa, 'yar jaka ce guda da za a tsoma sau biyu a tsame. Wani lokacin ma babu ita sam, kuma ba za ka ji wanda ya yi ƙorafi ba. Wanda aljihunsa ya yi sanyi ne kaɗai ke shan shayin gaske, wato ruwan bunu: ganye da sukari, shi ke nan. Da za a kawo Basine a zaunar da shi a bencin nan, kofin wannan talakan ne kawai zai yarda ya kira shayi, shi ma ɗin sai ya gama ɓata fuska saboda sukarin.

To amma wannan 'yar jakar da muke rainawa ba kanwar lasa ba ce. In aka cire ruwa, babu abin da 'yan Adam ke sha kamar shayi. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna ana samar da sarrafaffen ganye fiye da tan miliyan 6 a shekara. Kofi ɗaya na cin kimanin giram 2. In ka buga lissafin za ka tashi da kofi wajen tiriliyan 3, wanda in aka raba wa mutanen duniya biliyan 8, kowa zai samu kofi guda kullum, har da jaririn da aka haifa jiya. A 2019 ma Majalisar ta ware masa rana tasa, 21 ga watan Mayu.

Yaya aka yi ganye mai ɗaci, wanda ba ya ƙosarwa, kuma ba ya yi sai a 'yan wurare masu ruwan sama da yawa, ya kai wannan matsayi? A ganina amsar ba a harshe take ba. An mayar da shi mai araha ne, wani lokaci da ƙarfin tsiya, sannan aka dace ganye ne da ba ya gardama da duk abin da aka haɗa shi da shi.

Bari mu fara da itacen. Duk wani shayi na ainihi, baƙi ne ko kore, na Sin ne ko na Kenya, daga itace ɗaya yake fitowa, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Shayin citta, shayin zogale, shayin na'a-na'a da na zoɓo duk aron suna suka yi. Asalin itacen yankin duwatsun da kudu maso yammacin Sin ya haɗu da arewacin Myanmar da arewa maso gabashin Indiya ne. Iri biyu ne suka yi fice: na Sin mai ƙananan ganye da jure sanyi, da na Assam, wani yanki a arewa maso gabashin Indiya, mai faffaɗan ganye da son zafi da damshi. In aka bar shi a daji yakan zama bishiya sosai, ta wuce mita 10. A gona kuwa aske shi ake yi a daidai ƙugu don hannu ya kai, kuma ba kowane ganye ake tsinka ba, sai toho da ganye biyu na ƙarƙashinsa. Bayan mako ɗaya ko biyu ya sake tofowa, a dawo. Sai an tara ɗanyen ganye kilo 4 zuwa 5 kafin a samu busasshe kilo guda. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Bambancin baƙi da kore kuwa, duk mai cin goro ya san sirrinsa ko da bai san ya sani ba. Ka ɓantari farin goro ka ajiye, bayan ɗan lokaci za ka ga wurin ya yi ja. Iska ce ta haɗu da sinadaran da ke cikinsa. Haka ganyen shayi yake. In aka murza shi aka bar shi ya sha iska har ya rine, ya zama baƙin shayi. In kuma aka yi maza aka turara shi ko aka soya shi a kasko da zarar an tsinko, zafin zai tsayar da wannan rinewar, ya zauna a korensa. Wanda aka tsayar a tsakiya shi ne ulon. Sinawa ma ba sa ce wa namu baƙi, jan shayi suke kiransa, domin su launin ruwan suke dubawa, ba na ganyen ba. Turawa sun shafe shekaru masu yawa suna sayen duka biyun suna zaton itatuwa biyu ne daban.

Sunan kansa taswira ce ta hanyar da ganyen ya bi. A mafi yawan ƙasar Sin ana cewa "ca". Fataken da suka ɗauke shi ta tudu suka kai sunan Farisa ya zama "cai", daga nan Rashawa da Turkawa da mutanen Indiya suka ɗauka, Larabawa suka ce "shai", mu kuma muka ce shayi. Amma mutanen gaɓar tekun Fujiyan "te" suke cewa, kuma da su 'yan kasuwar Holan suka yi hulɗa, don haka duk inda jiragen Holan suka kai ganyen da wannan sunan ya isa: Ingilishi ya ce "ti", Bafaranshe ya ce "te". Masana harshe na danganta "atai" na Maroko da wannan reshen na teku, kuma daga shi ne aka samu "ataya" da ake ji a Senegal da zangunan Ghana. Ashe mu a Afirka ta Yamma sunayen biyu duk sun same mu, ɗaya ta hannun Larabawan gabas, ɗaya ta Maroko. (Bahaushe kuma yana da wani "shayi" nasa tun fil azal, wanda wanzami ke yi wa yara da sanyin hunturu. Wannan ba ruwansa da ƙasar Sin.)

Sinawa na da tatsuniyar wani sarki, Shennon, da ganye ya faɗa masa cikin tafasasshen ruwa a shekara ta 2737 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Tatsuniya ce. Abin da ƙasa ta tabbatar shi ne an samu ragowar ganyen shayi a kabarin Sarki Jin na daular Han, wanda ya mutu a shekara ta 141 kafin miladiyya. Da farko magani ne, har dafa shi ake yi da citta da albasa da gishiri kamar miya. A zamanin daular Tan ya zama abin shan yau da kullum, har wani malami mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kansa wajen shekara ta 760, hukuma kuma ta ɗora masa haraji. Malaman addinin Buda sun riƙe shi saboda yana hana gyangyaɗi a wurin ibada, su ne kuma suka kai shi Japan. Mutanen Tibet suka riƙa bayar da dawakai ana ba su curin shayi, suna kaɗa shi da man shanu da gishiri, har gobe haka suke sha.

Turai ba ta san shi sosai ba sai wajen 1610, lokacin da kamfanin Holan mai fatauci a gabas ya fara sauke shi. A Ingila kayan 'yan gayu ne da farko. Gimbiya Katarina ta Fotugal da ta auri Sarki Charles na Biyu a 1662 mai shan shayi ce, matan fada suka kwaikwaye ta, matan attajirai suka kwaikwayi matan fada. Tsadarsa ta kai uwar gida kan kulle shi a akwati ta rataya makullin a jikinta.

Abin da ya sauko da shi ƙasa abu biyu ne, kuma na farkon ya shafe mu kai tsaye. Sukari ne. Sinawa ba sa sa wa shayi sukari, Ingilishi ne ya mayar da hakan al'ada, kuma sukarin daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan yake zuwa, inda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ke aiki har su mutu. A 1700 Ingilishi ɗaya na shan sukari kimanin kilo 2 a shekara, kafin 1800 ya kai wajen kilo 8, kuma kaso mai tsoka cikin kofin shayi yake narkewa. Ganye daga Sin, zaƙi daga gumin baƙar fata, madara daga shanun Ingila: haɗin da mai shayinmu ke yi yau ke nan, in ka cire Milo.

Na biyu haraji ne. Gwamnatin Birtaniya ta yi ta lafta wa shayi haraji har ya kai kashi 119 cikin 100, sakamakon haka 'yan fasa-ƙwauri suka mamaye kasuwar, masu algus kuma suka riƙa cakuɗa shi da ganyen wasu itatuwa da tsohon ganyen da aka riga aka dafa. A can Amurka ma rigimar harajin shayi ce ta sa mutanen Boston suka watsa akwatuna 342 cikin teku a daren 16 ga Disamba 1773, abin da ya zama ɗaya daga cikin tartsatsin yaƙin neman 'yancinsu. A 1784 Firayim Minista William Pitt ya zaftare harajin zuwa kashi 12.5. Fasa-ƙwauri ya mutu murus, farashi ya faɗi, shayi ya shiga gidan leburan masaƙa. Ga mutumin da ke aikin sa'a 12 a masana'anta, kofin ruwan zafi mai zaƙi da yankan burodi na sa ya ji kamar ya ci abinci mai zafi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dako ko ɗan acaɓa na karyawa a teburin mai shayi ya san wannan lissafin. Akwai ma ribar da ba a yi niyya ba: shayi na tilasta tafasa ruwa, a zamanin da ruwan biranen Ingila ke ɗauke da cututtuka.

Sai dai nan wata matsalar ta ɓullo. Duk shayin daga Sin yake zuwa, Sinawa kuma ba su ga abin da suke so a kayan Ingila ba. Azurfa kawai suke karɓa. Azurfar Birtaniya ta yi ta kwarara gabas ba ta dawowa. Dabarar da Kamfanin Gabashin Indiya na Birtaniya ya ɓullo da ita, a gaskiya, tana cikin mafi munin cinikin da tarihi ya rubuta: ya sa manoman Bengal noman ofiyom, ƙwayar maye mai kama jiki, ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su yi fasa-ƙwaurinta zuwa Sin inda doka ta haramta ta. Azurfar da mashaya suka biya, da ita ake sayen shayi. Da abin ya ishi sarkin Sin, ya tura wani jami'i mai tsauri, Lin Zeshu, wanda a 1839 ya ƙwace akwatunan ofiyom sama da 20,000 ya lalata su. Birtaniya ta aiko da jiragen yaƙi. A 1842 Sin ta sha kaye, ta sa hannu a yarjejeniyar Nanjin, ta buɗe tashoshin ruwa biyar, ta kuma miƙa tsibirin Hong Kong, wanda bai koma hannunta ba sai 1997. Mai kurɓar shayi da yamma a Landan bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Duk da nasarar yaƙin, Turawan sun gane dogaro da gonar wani ba dabara ba ce. Tun 1823 wani ɗan Sikotlan, Robert Bruce, ya ga itacen shayi na tsirowa a Assam. Littattafan Turawa kan ce shi ya "gano" shi, alhali ƙabilar Sinfo da ke wurin sun daɗe suna shan abinsu, kuma wani mutumin Assam, Maniram Dewan, shi ya haɗa shi da su. Da ɗan gari akan ci gari. Maniram ɗin daga baya ya buɗe gonar shayi tasa, Turawa suka rataye shi a 1858 bisa zargin hannu a boren da Indiyawa suka yi musu a 1857. Shayin Assam na farko ya shiga gwanjo a Landan a farkon 1839.

Itace ya samu, saura sanin sarrafawa, wannan kuwa yana hannun Sinawa. Don haka a 1848 Kamfanin Gabashin Indiya ya tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ƙasar Sin, ya aske kai, ya sa kayan Sinawa, ya shiga yankunan da aka hana baƙi shiga. Ya fito da dubban tsirrai da iri, da ƙwararrun masu sarrafa ganye da ya ɗauko haya zuwa Indiya. Ya kuma fallasa cewa wasu masu sarrafa koren shayin da ake kai wa Turai na rina shi da shuɗin sinadari don ya ƙara kyan gani, labarin da ya taimaka wajen juya Ingilishi zuwa baƙin shayi. Yau da wani ya yi abin da Fortune ya yi, satar fasaha za a kira shi.

Gonakin Assam ba irin na Sin ba ne, inda iyali ke da 'yar gonarsu. Gandaye ne manya-manya da aka sare daji aka kafa, aka kwaso ma'aikata daga tsakiyar Indiya da yarjejeniyar da ba ta da maraba da bauta sosai: wanda ya gudu a kamo shi a hukunta. Jikokinsu ne ke tsinkar ganyen har yanzu. A tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau, gahawa ake nomawa, sai wata cutar ganye ta ɓulla a 1869 ta cinye gonakin, masu gandu suka koma shayi, suka kwaso Tamilawa daga kudancin Indiya. A 1890 wani mai kantin kayan masarufi daga Glasgow ya je ya sayi gandaye a can don ya riƙa sayar da nasa ganyen kai tsaye, a ƙunshe cikin fakiti, a farashin da talaka zai iya. Sunansa Thomas Lipton. Shi ya sa har yau in Bahaushiya ta aiki yaro kanti, "Lipton" za ta ce ya sayo, ko da wane kamfani ne ya yi wanda zai kawo. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, shayin Indiya da Silon ya ture na Sin daga kasuwar Birtaniya.

Afirka ta shigo daga baya amma da ƙarfinta. Malawi na cikin waɗanda suka fara noman sayarwa. A Kenya an dasa itacen farko a Limuru a 1903, manyan gandaye suka biyo baya a Kericho a shekarun 1920. Turawan mulkin mallaka sun hana baƙar fata noma shi sai a shekarun 1950, amma bayan 'yanci aka kafa hukumar da ta tattara ƙananan manoma a 1964, kuma yau manoma sama da 600,000 ne ke kai ganye masana'antunta. Kenya na kan layin da ya raba duniya biyu, ga tudu, ga ruwan sama, don haka ana tsinka duk shekara ba hutu. Tana samar da tan wajen 500,000, kuma tunda 'yan ƙasar kaɗan suke sha, ita ce kan gaba wajen fitar da baƙin shayi. Gwanjon Landan da ya shafe shekaru sama da 300 ya rufe a 1998, yanzu a Mombasa ake yanke farashin shayin Afirka.

Akwai wata na'ura da ba a cika ambata ba, alhali ita ce ta ƙarasa aikin. Wajen 1930 wani Bature a Assam, William McKercher, ya ƙirƙiro injin da ke murƙushe ganye, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana kamar tsakin gero. Irin wannan ganyen ba shi da ƙamshin na hannu, masu ji da kansu a harkar shayi ma raina shi suke yi. Amma yana sakin launi da ƙarfi cikin minti ɗaya ko biyu, yana jure madara da sukari, kuma kilo guda na ba da kofi da yawa. Da ya haɗu da 'yar jakar tsomawa, wadda ta fara yaɗuwa a Amurka a farkon ƙarni na 20, sai aka samu shayin da ba ya buƙatar buta ko ƙwarewa ko haƙuri. Abin da ke cikin jakar mai shayinmu ke nan.

Wani abin mamaki, ƙasashen da yau ake ganin kamar da shayi aka haife su, da yawansu sabbin shiga ne. Talakan Indiya bai damu da shi ba sai da masu gandu suka tashi tsaye da talla a farkon ƙarni na 20, suna raba shi a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu. Masu sayarwa a bakin titi suka ga ganye na da tsada, sai suka rage shi suka cika da madara da sukari da citta da sauran kayan ƙamshi. Masu gandun ba su so haka ba, amma wannan haɗin ne ya zama shayin Indiya da duniya ta sani, kuma yanzu Indiya na shanye kusan kashi 80 cikin 100 na abin da take nomawa. Turkiyya ƙasar gahawa ce a zamanin Usmaniyya. Da daular ta rushe aka rasa Yaman, gahawa ta yi tsada, gwamnati ta ƙarfafa noman shayi a Rize da ke gaɓar Baƙin Teku, aka buɗe masana'antar farko a 1947. Yau babu wanda ya kai Baturke sha, mutum ɗaya na tashi da sama da kilo 3 a shekara. Pakistan kuwa ita ce kan gaba wajen sayowa daga waje, akasari daga Kenya, har a 2022, da kuɗin waje suka yi ƙaranci, wani minista, Ahsan Iqbal, ya roƙi jama'a su rage kofi ɗaya ko biyu a rana. Ya sha zagi.

Namu yankin hanya biyu ganyen ya biyo, shi ya sa muke da shayi iri biyu da ba sa kama da juna. Na teburin mai shayi ɗan mulkin mallaka ne, baƙi, da madara da burodi. Ɗayan kuwa, wanda a Najeriya ake kira shayin Buzaye, ta Sahara ya zo. Koren shayin Sin ya fara shiga fadar sarakunan Maroko a matsayin kyauta, sannan a tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Birtaniya suka cika tashoshin Tanja da Sawira da shi har ya sauko ga kowa. Mutanen Maroko suka haɗa shi da na'a-na'a da sukari mai yawa, ayarin raƙuma kuma suka tsallaka da shi hamada. Makiyayi ba zai samu abin da ya fi wannan dacewa da rayuwarsa ba: ba nauyi, ba ya lalacewa, ruwa kaɗan yake ci, ga shi yana rufe ɗanɗanon ruwan rijiya mai gishiri. Har yanzu Maroko na cikin manyan masu sayen koren shayin Sin, haka ma Ghana da Moritaniya da Senegal, kuma lambobin da ake gani a jikin 'yan kwalayen nan, irin su 41022 da 3505, lambobin darajar ganye ne na masana'antun Sin.

Wannan shayin ba a yi shi don mai sauri ba. 'Yar buta a kan gawayi, a tafasa, a ɗaga hannu sama a tsiyaya cikin ɗan kofin gilashi, a mayar, a sake, har kumfa ta tashi. Na farko ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi, duk daga ganye ɗaya, kuma kafin a kai na ukun an cinye sa'a guda ko fiye. A Damagaram da Maraɗi da Yamai, fada ta samari, wato majalisar zaman hirarsu, a kan wannan butar take kafuwa. Fadodin sun yawaita ne tun shekarun 1990, lokacin da siyasa ta buɗe, aikin yi kuma ya yi ƙaranci. Dattawa kan yi musu kallon zaman kashe wando, kuma ba za a ce babu gaskiya a ciki ba, amma ni ina ganin an fi ganin butar fiye da abin da ke faruwa a gefenta. A nan ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa gudummawar biki da ta jinya, masu zaman dare kuma sukan zama idon unguwa. Da kuɗin da bai isa kwanon abinci ɗaya ba, mutum goma sun samu dalilin zama tare. A Khartum kuma mata ne ke riƙe da sana'ar, kowace da murhunta da kujerunta a gindin bishiya, da yawansu waɗanda yaƙi ya koro daga garuruwansu.

Ta fuskar jiki, abin da ke jan mutum ya dawo shi ne kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa. Kofin baƙin shayi na ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 50, wajen rabin na gahawa, shi ya sa za ka iya sha sau uku ko huɗu a yini ba tare da hannunka ya yi rawa ba. Tallan da ake yi cewa koren shayi na narkar da teɓa ya fi abin da bincike ya tabbatar yawa. Abubuwan da suka fi tabbata ba su da daɗin ji: shayi mai ƙarfi a kan abinci na rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga hatsi da ganye, don haka mai ciki da mai ƙarancin jini gara su ba da tazara. A 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawan shan abu mai zafin da ya wuce digiri 65 na iya jawo sankarar maƙoshi, wato shiƙar da mai shayi ke yi tsakanin kofi biyu ba burga kaɗai ba ce. Babbar illar kuwa a cokali take. Hukumar ta ba da shawarar kada babba ya wuce sukari kimanin giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12, kuma mai kauri biyu sun kusa cinye wannan kason.

Mu koma kan kilo 4 zuwa 5 ɗin nan. A gwanjon Mombasa, kilo guda na sarrafaffen shayi ya daɗe yana yawo a wajen dala 2, shekara da shekaru, alhali taki da mai da abinci duk sun tashi. Kilo guda na cika 'yan jakunkuna kusan 500. Ke nan ganyen da ke cikin jaka ɗaya bai kai rabin santi na dalar Amurka ba, sauran abin da ka biya na takarda ne da kwali da sufuri da talla da riba. A cikin wannan rabin santin ne mai gandu da masana'anta da mai tsinka za su raba. A Assam, ladan yini na mai tsinka, waɗanda akasarinsu mata ne, ya kai rupi 250 da ƙarin da aka yi a 2023, wajen dala 3 a lokacin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2022 an kammala sayar da sashen shayi na Unilever, wanda Lipton ke ciki, a kan yuro biliyan 4.5. Su kuma masu gandu a Kenya, don rage kashe kuɗi, suka koma injin tsinka da ke maye gurbin hannaye da yawa, abin da ya sa a 2023 fusatattun matasa a yankin Kericho suka banka wa wasu injunan wuta. Ga sauyin yanayi da ke rikita damina a Assam da Kenya. Sri Lanka kuma ta jawo wa kanta: gwamnati ta hana takin zamani dare ɗaya a 2021, a shekarar da ta biyo baya amfanin shayinta ya ragu sosai.

Mu ma muna da gonarmu, ko da yake da yawa ba su sani ba. A tsaunin Mambila na jihar Taraba, mai tsayin kimanin mita 1,600, inda sanyi da hazo da ruwan sama suka yi kama da na Kericho, akwai gandun shayi a Kakara tun shekarun 1970, ga kuma masana'anta, kuma daga nan Highland Tea ke fitowa. A tsallaken iyaka, Kamaru na da nata a Ndu. Abin da Mambila ke samarwa bai kusa isar ƙasar ba, don haka mafi yawan abin da muke sha shigo da shi ake yi, baƙin daga Gabashin Afirka da Asiya, koren daga Sin. Ganyen da ya taso daga Kericho ya hau jirgin ruwa a Mombasa, ya zagayo ta ƙasan Afirka ya sauka a Legas, sau da yawa shi za ka fara cin karo da shi a kantin unguwa a Kano, kafin wanda motar kaya za ta gangaro da shi daga Gembu, can kan tsaunin Mambila.